Mako ɗaya da fara Albion aka kwashe min komai: ta ina sabon shiga zai kama?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Wani abokina da ke Kano ya sa na sauke Albion Online a wayata, Infinix ce mai RAM 4. Na yi mako guda ina tara azurfa, wato kuɗin cikin wasan, na sayi kaya masu mataki na biyar (T5) da doki, na fita saran itace sai wasu mutum uku suka tare ni, suka kashe ni, suka kwashe komai. Ga sabis ɗinmu yana yawan ɗaukewa, caji kuma sai a shago. Abokina ya ce in ban sa kuɗi ba ba zan taɓa ci gaba ba. Gaskiya ne? Ta ina ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka haɗa wuri ɗaya: me ya sa aka kashe ka har aka kwashe kayan, ko mai sabis irin na ƙauye zai iya wannan wasa, da kuma ko sai da kuɗi. Ta ƙarshen ta fi sauƙi, amsarta a'a. Da ka zuba naira dubu goma a ranar, da mutanen nan uku sun samu ganima mai tsoka ne kawai. Abin da ya ci ka shi ne ka ɗauki jarinka kaf ka sa a jiki, ka shiga dajin da dokarsa ta halatta fashi, ba ka ma san ka tsallaka iyaka ba.

Kamfanin Sandbox Interactive da ke Berlin a Jamus ne ya fitar da Albion a watan Yulin 2017, ya mayar da shi kyauta a Afrilun 2019, sannan ya sauka a wayoyi a Yunin 2021. Bambancinsa da Free Fire ko PUBG da ka saba gani a hannun samari shi ne, a can zagaye na ƙarewa cikin mintoci kowa ya dawo daidai. A nan duniya ɗaya ce da ba ta tsayawa, dubban mutane na ciki a lokaci guda, abin da ka tara yana nan gobe, abin da ka rasa kuma ya tafi. Kusan duk takobi da riga da ka gani a kasuwar wasan wani ɗan wasa ne ya ƙera su da itace da ƙarfen da wani ya haƙo. In babu mutuwa da asarar kaya, maƙera ba su da mai saye. Saboda haka da gangan aka gina wasan a kan a rasa kaya a sake saye, kuma wanda ya gane wannan da wuri ya huta da ɓacin rai.

Fara duba sabar da ka shiga

Kafin ka sake tara ko azurfa ɗaya, duba wannan. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duniyar wasan, uku ce: ta Amurka, ta Asiya da aka buɗe a 2023 a Singafo, da ta Turai da aka buɗe a Afrilun 2024 a Amsterdam. Mutumin cikin wasan da ka rena a ɗaya ba ya ƙaura zuwa wata. Mu a Najeriya ta Turai ce tamu, dalili kuwa hanyar da saƙon ke bi. Duk maɓallin da ka danna, saƙonsa zai tashi daga eriyar garinku ya gangara Legas, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 da Equiano, waɗanda Fotugal da Ingila suka nufa. In sabar Amurka ka zaɓa, ka ƙara wa saƙon tsallaka wani tekun, zuwa da dawowa. In ka tarar a ta Amurka ko Asiya kake, yanzu da ba ka da komai shi ne lokacin tashi. Asarar da ka yi ma ta sauƙaƙa maka ƙaurar. Sai dai ka tambayi abokinka inda yake, don in kuna sabar daban ba za ku taɓa haɗuwa ba.

Wasan na nuna lambar jinkirin saƙo, wadda 'yan wasa ke kira fing. In tana ƙasa da 150 babu abin da ba za ka iya ba. In tana wajen 200 za ka iya sara da kasuwanci da yaƙin dodanni, amma faɗa da mutum zai yi maka wuya. Abin da ya fi girman lambar illa shi ne tsalle-tsallenta: 130 yanzu, 900 an jima. Gara 220 tsayayya da 120 mai rawa. Ka ɗauki kwana biyu kana lura da ita a lokuta daban-daban. A yawancin garuruwa bayan isha'i ne kowa ke hawa intanet, eriya ta cika, lambar ta haukace, da sassafe kuwa sai ka ga ta kwanta. Ka gwada wurare ma, don sau da yawa bakin zaure ko gindin bishiyar ƙofar gida ya fi cikin ɗaki mai rufin kwano. Ka kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp, kada kuma ka buɗe wa kowa data ta wayarka kana cikin wasa.

Akwai abu ɗaya da ya wajaba mai sabis irin naka ya sani. In sabis ya ɗauke kana daji, mutuminka ba ya ɓacewa nan take. Yana nan tsaye na ɗan lokaci, dodo ko mutum na iya gamawa da shi kafin ka dawo.

Launin ƙasa shi ne doka

Taswirar Albion yanki-yanki ce, kowane da launinsa, kuma launin ne ke faɗa maka abin da zai faru in ka faɗi. A shuɗi babu mai taɓa ka, in dodo ya kayar da kai za ka tashi, kayanka su ɗan lalace, ka kai gyara. A rawaya mutumin da ya ɗaga tutar gaba, wato alamar cewa ya fito faɗa da mutane, na iya kai maka hari ya kayar da kai, amma ba ya ɗaukar kayanka, kuɗin gyara kawai ya ja maka. A ja ne labari ke canzawa: wanda ya kashe ka yana kwashe duk abin da ke jikinka da jakarka har da dokin, wani ɓangare kuma ya lalace ya zama shara. A baƙi haka ne ma, da ƙari, domin a can duk wanda ba ɗan ƙungiyarku ko tawagarku ba abokin gaba ne, ba sai ya ɗaga tuta ba. Azurfar da ke aljihunka da abin da ka ajiye a banki da matakin da ka kai, waɗannan ba mai taɓa su.

Daga bayaninka, ja ka shiga. Wasan yakan yi gargaɗi a ƙofar, amma sabo mai sauri yakan danna ya wuce. Daga yau, kafin ka bi kowace ƙofa ka buɗe babbar taswira ka ga launin abin da ke gaba. A yankin ja akwai lamba kusa da ƙaramar taswira mai nuna yawan masu tutar gaba da ke ciki, sunayensu kuma ja ne a kansu. A baƙi babu wannan lambar.

Shawarata ka yi mako biyu zuwa uku tsakanin shuɗi da rawaya. Za ka ji wasu na cewa zaman rawaya ɓata lokaci ne, riba tana baƙi. Ta fuskar lissafi suna da gaskiya, don abin da ake samu a can ya ninka. Amma masu faɗin haka yawanci suna kan kwamfuta da intanet ɗin da ba ya motsi. Kai sai ka fara sanin halin sabis ɗinka da halin makaminka a inda kuskure ba ya cin riga. Kada dai ka mayar da rawaya gida na dindindin, don wanda ya shekara a can tsoro ne ya riƙe shi.

Kaya jari ne, ba ado ba

Mai kai awaki kasuwar Maigatari ba ya kwashe garken gidan duka a tafiya ɗaya. Ka'idar da nake ba kowane sabo ita ce: kada ka sa kayan da ba za ka iya sayen irinsu sau biyar ba da azurfar da ke hannunka. In dubu ɗari biyu gare ka, kayan jikinka gaba ɗaya, makami da hula da riga da takalmi da jaka da doki, kada su wuce dubu arba'in. Ka sayi saiti uku ko huɗu iri ɗaya ka jera a banki. In an kashe ka, minti biyu ka sake shiri ka fita. Mutuwar da ke korar mutane daga wasan ita ce wadda ke barin su tsirara babu na maye.

Kaya na da mataki daga T1 zuwa T8, kuma daga T4 ake samun masu ƙarin tsafi, waɗanda ake rubutawa 4.1, 4.2, 4.3 har 4.4. Kowane ɗigo ɗaya daidai yake da hawa mataki ɗaya a ƙarfi: 4.1 ƙarfinsa ɗaya da T5, 4.2 ɗaya da T6. Amfanin sanin wannan biyu ne. Na farko, da zarar ka buɗe T4 za ka iya sa 4.1 ba sai ka buɗe T5 ba. Na biyu, farashinsu ba ya zama ɗaya, don haka kullum ka duba duka biyun ka ɗauki mai araha. T4 ko 4.1 ya ishe ka wata guda. Doki kuma na T3 ya wadatar, tunda shi ma yana cikin abin da ake kwashewa.

Kada ka fita babu abinci da maganin ƙara jini. Abinci na aiki na minti 30, kowane da amfaninsa: miya na mayar da jini da sauri tsakanin faɗa da faɗa, dahuwar nama na ƙara ƙarfin duka, fanke mai nama a ciki na ƙara yawan abin da kake sara da nauyin da kake iya ɗauka. Wannan na ƙarshen akwai na kaza da na dinya, ga wanda ko a wasa ba ya son ganin na alade a jakarsa.

Makami ɗaya, har sai ya san hannunka

Albion ba shi da aji da ake zaɓa tun farko. Abin da ka sa shi ne kai: makami ne ke ba ka dabaru uku, hula da riga da takalmi kowanne ya ba ka ɗaya. Rigar yadi na ba da duka mai zafi amma ba ta kare jiki, sulke na karewa amma dukansa sanyi, ta fata tana tsakiya. Duk dodon da ka kashe kana samun maki na shuhura, kuma makin yana shiga ne kan abin da kake sanye da shi a lokacin. Nan sababbi ke yin kuskure na biyu. Yau baka, gobe mashi, jibi sandar wuta, sai a wayi gari makin ya watsu wuri bakwai babu inda ya kai. Wanda ya riƙe gatari ɗaya wata guda, T4 ɗinsa zai fi T5 ɗin mai tsalle-tsalle duka, domin ƙwarewa a makami tana ƙara masa ƙarfi a kan na matakinsa.

Ka ɗauki kwana biyu ko uku ka gwada makamai a T3, inda suke da arha kamar banza, sannan ka tsaya a ɗaya. Ga mai waya da sabis mai rawa, ina ba da shawarar makamin da ke dukan duk abin da ke kewaye da kai, ba wanda sai ka saita ka harba ba. Dalilin a fili yake: in saƙonka na makara da sulusin daƙiƙa, kibiyar da ka saita za ta sauka inda abokin faɗan ya riga ya bari, amma juyin gatari zai same shi ko ya ɗan matsa. Gatarin hannu ɗaya da rigar fata ta sojan haya, mai mayar maka da jini yayin da kake duka, haɗi ne da ya daɗe yana yi wa masu yawo su kaɗai aiki. Sai dai kamfanin na sauya ƙarfin makamai lokaci zuwa lokaci, don haka ka karanta bayanin kowace dabara a cikin wasan kafin ka zuba azurfa, kada ka dogara da bidiyon shekara biyu da suka wuce, ko da wannan amsar tawa in ta tsufa.

Wurin tara makin kuwa, kogunan da ke da koriyar ƙofa na mutum ɗaya ne, masu shuɗiyar ƙofa na tawaga ne, kada ka shige su kai kaɗai. Ƙofar kogon mutum ɗaya tana rufewa bayan kimanin daƙiƙa 90 da shigarka. A yanki mai haɗari ka tsaya kusa da bakin ƙofar har ta rufe kafin ka fara faɗa, don masu farautar mutane suna biyo sahu su same ka jininka rabi. In kana son koyon faɗa da mutum ba tare da asara ba, akwai filin gasa na biyar da biyar, akwai kuma matakin farko na kogunan da ake haɗa mutum biyu su fafata da juna, inda wanda aka kayar ba ya rasa kaya.

Inda azurfa take

A nan ne ɗan ƙasar Hausa ke da fifikon da bai sani ba, don tsarin kasuwar wasan fatauci ne zalla. Manyan birane biyar ne suka yi zobe: Fort Sterling, Lymhurst, Bridgewatch, Martlock da Thetford, ga Caerleon a tsakiya, kewaye da jan yanki ta ko'ina. Kowane birni da kasuwarsa da bankinsa. Abin da ka ajiye a Lymhurst ba za ka gan shi a Martlock ba, farashin katako a nan daban da na can, kamar yadda buhun gero a kasuwar ƙauye da a Dawanau ba kuɗi ɗaya ba ne. Saboda haka ka zaɓi birni ɗaya ya zama gida, kada kayanka su watsu a bankuna biyar.

Albarkatu biyar ake tarawa, kowanne da inda ya fi yawa: itace a dazukan Lymhurst, ƙarfe a tsaunukan Fort Sterling, fata a filayen Bridgewatch, dutse a tuddan Martlock, auduga a fadamun Thetford. Kamfanin wasan kuma ya yi dabara, ya sa garaɓasar sarrafa kowanne a wani birnin daban: katako a Fort Sterling, ƙarfe a Thetford, jima a Martlock, dutse a Bridgewatch, saƙa a Lymhurst. Da gangan aka raba su don a samu masu safara. Ga sa na ɗaukar kaya, takarkari sak, mai ɗaukar abin da doki ba zai iya ba amma tafiyarsa a hankali. Tsakanin birane maƙwabta akwai hanyar shuɗi da rawaya. Ta fi nisa, amma ita za ka bi. Gajeriyar hanyar da ta ratsa tsakiya ita ce ta jan yanki, kuma 'yan tare hanya sun fi son ganin takarkari a kan komai.

Tunda da itace ka fara, ci gaba da shi, ka ƙara ɗaya kawai daga cikin waɗanda ke yankinku. Kada ka raina na ƙananan matakai. Kafin a yi katakon T4 ɗaya sai an haɗa gungume biyu na T4 da katakon T3 ɗaya, na T5 kuma gungume uku da katakon T4 ɗaya, haka har sama. Kenan babban maƙeri ma ba ya rabuwa da buƙatar kayan T2 da T3, kuma manyan 'yan wasa ba su da lokacin saran su. Wannan kasuwa ce da ke buɗe wa sabo tun ranar farko. Ka lura da ma'aunin nauyi: in ya haura ɗari bisa ɗari tafiyarka za ta ragu, in ka sauka daga doki ka yi nisa da shi nauyin da yake ɗauke maka ya dawo kanka. Mutane da yawa a haka ake kama su, sun cika jaka sun kasa gudu.

A kasuwa hanya biyu ce ta sayarwa. Ko ka sayar nan take ga wanda ya riga ya yi tayi, ko ka kasa kayanka da farashinka ka jira. Ta biyun ta fi kawo kuɗi, amma akwai kuɗin kasawa kashi 2.5 cikin ɗari, ga haraji kashi 8 ga wanda ba shi da firimiyam (rajistar gata da ake saye na wasu kwanaki), kashi 4 ga mai shi. Yi lissafin da kanka: ka sayi abu 1,000, ka kai wani birni ka kasa a 1,100. Kashi 10.5 na 1,100 ya kai 115, abin da zai shigo hannunka 985. Ka sha tafiya ka faɗi. In bambancin farashi bai kai kashi 20 ba, bar shi. Kuma kafin ka danna saye ka ƙirga sifili, don akwai masu kasa abin dubu goma a dubu ɗari suna jiran mai gaggawa.

Ƙungiya, da maganar kuɗi

Wasan nan ba a jin daɗinsa a kaɗaici. Ka nemi ƙungiyar da ta ce tana karɓar sababbi, ka yi mata tambaya uku kafin ka shiga: nawa ne harajinta, tunda ana cire wani kaso daga azurfar da ka tsinta a daji, ƙarfe nawa suke fita, kuma ko suna mayar wa mutum kaya in ya mutu a fitar ƙungiya. Lokutan wasan da agogon UTC ake faɗar su, mu kuma muna gaba da awa ɗaya duk shekara, don haka 18:00 ɗinsu bakwai na yamma ne a nan. Yawancin fitar Turawa na faɗawa tsakanin magariba da bayan isha'i, daidai lokacin salla kuma daidai lokacin da sabis ya fi cunkushewa. Ka faɗa musu gaskiyar halinka tun farko. Kada kuma ka karɓi aikin mai warkar da tawaga ko mai tare mata duka sai ka amince da sabis ɗinka, don in ɗayansu ya tsaya cak mutum biyar ne za su rasa kaya. Wasan ba a dakatar da shi, saboda haka in saura kwata a kira salla kada ka shiga kogo, ka koma birni ka yi ciniki.

Abin da abokinka ke nufi da sa kuɗi shi ne firimiyam. Yana ƙara rabin makin shuhura, ya ƙara yawan abin da kake sara, ya rage harajin kasuwa zuwa rabi, ya ba ka makin sarrafa kaya 10,000 a kullum. Yana da amfani, ban musa ba. Amma ana iya sayensa da azurfar cikin wasan, kuma kwanakinsa na tafiya ko ka hau ko ba ka hau ba. Ɗalibin da ke samun awa ɗaya a rana, wata rana ma babu caji, rabin kwanakin a banza za su tafi. Ka bari sai hutu, bayan ka san abin da za ka yi da shi. Wanda ya saya a makon farko yana saurin tara abin da bai iya tsarewa ba ne kawai.

Za ka haɗu da masu tallan azurfa da naira a WhatsApp ko Telegram, da masu cewa ka ba su imel da kalmar sirri su ɗaga maka mataki. Sayen azurfa a wajen wasan ya saɓa dokar kamfanin, hukuncinsa rufe asusu, in ma ba a gudu da kuɗinka ba tun farko. Mai ce maka za ka riƙa samun naira da wasan, wannan haramtacciyar hanyar yake nufi. Kuma tunda wayarka na kwana a shagon caji, ka sa mata makulli, ka rubuta imel da kalmar sirrinka a littafi ka adana a gida. In waya ta ɓata ko ta mutu, da su kaɗai za ka dawo da mutuminka.

Wayar kanta

RAM 4 zai ɗauki wasan in ka sauke ingancin hoto zuwa ƙasa, ka tsayar da shi a firem 30, wato hoto 30 a daƙiƙa, ka rufe sauran manhajoji. Inda zai sha wuya shi ne tsakiyar birni mai cunkoso da yaƙin mutum ɗari, waɗannan ka bar wa masu kwamfuta. Zafi ne babban abokin gabarka. A watan Afrilu da Mayu, da rana ta take, waya na rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga hoto na sarƙewa ka ɗauka sabis ne. Ka cire mata riga, ka zauna a inuwa, kada ka yi wasa tana jone da caji ko fawa-banki, don zafi biyu ne ke haɗuwa kuma shi ke kumbura batir. Wasan kansa bai kai kallon bidiyo cin data ba, sabuntawa ce ke cinye ta. Ka bar sabuntawar sai da datar dare ko ranar da ka shiga gari, ka kuma duba ma'aunin data na wayarka kafin awa ɗaya ta wasa da bayanta, ka san naka lissafin.

In ka gwada duk wannan fing ɗin ya ƙi zama, akwai Old School RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila, wanda ya zo waya a 2018. Komai a cikinsa na tafiya ne da bugun daƙiƙa 0.6, don haka ɗan jinkiri ba ya cutarwa sosai, hotonsa mara nauyi ne, kuma a yawancin sabar ɗinsa sai ka shiga dajin arewa da ƙafarka ne mutum zai iya kashe ka.

Ranar da za ka koma ja kuwa, ka shirya ta kamar haka. Da safe, lokacin da lambar ta kwanta, batir sama da rabi. Kayan T4 zalla, jaka babu komai sai gatarin sara da abinci, saiti uku na jira a banki. Ka zaɓi yankin ja da ke manne da rawaya, ka san ƙofofinsa biyu kafin ka shiga. Da shigarka akwai kumfar kariya ta 'yan daƙiƙu, ka yi amfani da ita ka duba lambar masu tutar gaba: in ta wuce uku ko huɗu ka juya. Ka bi gefen taswira, ka bar babbar hanya. In ka sauka sara, dokin ya kasance a gefenka, idonka rabi a kan itace rabi a bakin allo. Jan suna ya bayyana, ka hau ka tafi ko saura sara ɗaya ya rage. Ka tanadi dabarar gudu ta takalminka don lokacin da aka sauke ka daga doki, kada ka ƙone ta a banza. Bayan minti ashirin, ko jaka ta kai rabi, ka koma banki ka sauke, sannan ka sake fita.